Kwamin da Ya Auri Bango

Talata, uku ga wata

Zuwa ga Maigidana na takarda,

Sallama daga matar da ka ajiye ka manta inda ka ajiye ta. Ina fata kana lafiya, kana cin abinci a kan lokaci, kuma tarin nan da ka tafi da shi ya sake ka. In ka tambayi tawa lafiyar, ban mutu ba. Ƙugun da na karya ya haɗe, amma likita ya ce ƙafa ta gama nata aikin, yanzu sai keke. Baffanka ya sayo mini wani mai ƙyalli, ina tuƙa shi daga ɗaki zuwa tsakar gida kamar sabon direba, har na fasa tukunyar fure biyu. Kada ka wahalar da kanka da kiran waya, ka san kunnena, abin da nake ji a ciki kamar ana suya ne a maƙwabta. Direban nan na layinmu yana zuwa wajenku duk kwana goma, shi za ka ba amsa.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Keken yana shiga banɗaki, amma yana shiga gwiwata ke cin karo da kwamin wanke hannu. Ba na iya juyawa, ƙofa ba ta rufuwa. Kullum sai Mai Ɗinki, maƙwabciyata, ta bar aikinta ta zo ta ciccibe ni kamar buhu. Ka ji fa, mace mai jika goma sha ɗaya ana tsaya mata a bakin ƙofa ana tambaya ko ta gama.

Shekaranjiya Baffanka ya zo da wani mai gyaran famfo, mai ƙaton agogo da ƙaramar kunya. Ya leƙa ƙarƙashin kwamin, ya ce aikin minti goma ne, zai zura ƙarfe a baya ya ɓamɓaro shi. Na tambaye shi tayil ɗin fa. Ya ce shida ko goma za su biyo shi, kuma da yake ba za a sami irinsu ba, gara a kankare bangon duka a sa fari fes irin na asibiti. Na ce masa ya ɗauki ƙarfensa ya je ya ɓamɓare haƙoran gidansu.

Kai ka san bangon nan. Shekara talatin da huɗu kakanka yana liƙa wa mutane tayil, duk gidan da ya gama sai ya roƙi guda ɗaya ko biyu daga ragowar, ya kawo ya tura ƙarƙashin gadona. Na yi masifa har na gaji, na ce na auri mutum na kwana a kan shago. Da idonsa ya fara dushewa ya ajiye aiki, sai ya fito da su ya jera mini su a banɗaki. Ɗari biyu da goma sha biyu, da wuya ka ga uku iri ɗaya. Ga kore na gidan likitan haƙori, ga mai kifi na wurin wankan otal, ga ruwan ƙwai na mai gidan burodi da suka yi faɗa har aka raba su. Layin ƙasa ya ɗan karkace, domin a nan idon ya ƙare. Tun da ya rasu, in na shiga da safe da su nake gaisawa. Ba su iya amsawa, amma shi ma ai ba gwanin amsawa ba ne.

Baffanka bai ɗaga murya ba, ka san shi. Yana duban agogo ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen watan gobe. Ko a cire kwamin in riƙa shiga ni kaɗai, ko ya kwashe ni zuwa gidansa a hawa na uku. Benen nan ba shi da na'urar hawa, sai matakala. Wanda aka ɗauka da kujera aka hau da shi can, sau ɗaya ake sauko da shi.

Kai kuka yi aikin nan da kakanka, kai ka ɗaura kwamin da hannunka. Ya taɓa ce mini duk ranar da za a cire shi kai za a kira, kai ka san yadda ka ɗaura shi. To na kira. Ka ɗauki hutu ka zo. Na ji an ce kwami ɗari uku kake kula da su a otal ɗin da kake aiki, ka ƙara da na tsohuwar matarka su zama ɗari uku da ɗaya.

Kakarka, wadda har yanzu ba ka saka ba.


Asabar, goma sha huɗu ga wata

Zuwa ga Uwargidana,

Na amsa sallama, na kuma karɓi zagina cif, ba abin da ya zube a hanya. Lafiyata ƙalau, tari ya tafi tuntuni. Na ji daɗi da ƙugu ya haɗe. Ki rage gudu da keken nan, tukwanen fure ba su yi miki laifi ba. A gaida Mai Ɗinki, Allah ya saka mata da alheri, abin da take yi mu ya kamata mu yi.

Kaka, hutu yana da wuya a watannin nan, otal cike yake. Amma aikin ba sai na zo ba, ke da Mai Ɗinki za ku iya. Akwatin kayan aikin Tsoho, kakana, yana bayan ƙofar ɗakin ajiya. Ku bi a hankali kamar haka.

Ku fara rufe ruwan gidan daga waje, ku buɗe famfo ya tsiyaye. Ku sa bokiti a ƙarƙashin bututun nan mai lanƙwasa kamar wuyan agwagwa, ku kwance shi da hannu, ruwan da zai fito yana wari, kada ki ce ban faɗa ba. Ku kwance siraran bututu biyu da ke kai ruwa famfo da ƙaramar sifana. Sannan ku liƙa salatif na takarda ninki biyu a kan duk tayil ɗin da ke kewaye da kwamin. Akwai farin danƙo tsakanin kwamin da bango, a yanka shi da siririyar wuƙa, bakin wuƙar ya jingina da kwamin, ba da tayil ba. Ku tura kujera da matasai a ƙasa don ta tare nauyin. Daga nan Mai Ɗinki ta kwanta ta duba sama, za ta ga noti biyu. Ta sassauta na dama kaɗan, na hagu kaɗan, haka har su fita. Sai ku jawo shi gabanku a miƙe, ba sama ba, ba gefe ba.

In kun yi duk wannan ya ƙi motsi, kada ku matsa masa, kada kowa ya zura masa ƙarfe. Ku bar shi haka nan.

Gidan Baffa ma fa ba kurkuku ba ne, Kaka, akwai iska a sama.

Mijinki mai neman abin cefane.


Lahadi, ashirin da biyu ga wata

Zuwa ga Malamin makarantar famfo,

Muna lafiya, mu ɗalibanka biyu. Na nemi miji aka aiko mini da darasi, to na gode, na karanta shi sau huɗu har na iya shi da ka.

Ranar Alhamis muka yi aikin. Mai Ɗinki ta rufe shagonta, ta ɗaure ɗankwali kamar za ta dambe. Ni ce mai karatu da miƙa sifana, ita ce mai kwanciya a ƙasa. Wuyan agwagwarka ya yi mata amai a fuska, abin da ya fito har da ɗan kunnena da ya ɓata shekara bakwai, wanda na zargi 'yar Gwaggonka da shi har yarinyar ta daina zuwa gidan nan. Ka ga an fara tonon asiri tun ba a je ko'ina ba. Salatif kuwa ta liƙa shi kamar tana kafa wa amarya leshi, ba inda ya karkace. Ta yanka danƙon da rezar ɗinkinta, ya fito dogo kamar igiya. Ko ƙwarzane ɗaya ba mu yi wa bangon ba.

Sai noti. Ka ce a sassauta kaɗan-kaɗan. Tana taɓa na dama ya juyo a hannunta kamar dama jira yake, na hagu ko sifana bai nema ba. Ta ce, «Iya, waɗannan ba abin da suke riƙewa, ado ne.» Na ce ta yi shiru, jikana ne ya ɗaura, kuma kwami ɗari uku ke gaishe shi kullum.

Muka ja. Ta ja, na riƙe ƙugunta ina ja da keke, har keken ya tafi da ni baya na bugi ƙofa. Kwamin ko gezau. Ta hau kansa ta zauna, kuma ka san Mai Ɗinki ba ƙaramar halitta ba ce, ya ɗauke ta kamar ya ɗauki kaza. Babu noti, babu bututu, babu danƙo, yana tsaye a jikin bango yana kallonmu. Yanzu ga shi ba ruwa a ciki, ga shi bai fita ba. A bokiti nake wanke fuska.

Na koma kan takardarka ina neman inda muka yi kuskure, sai idona ya tsaya a ƙarshenta. Ka ce in ya ƙi mu bar shi haka nan. Ka ce gidan Baffa akwai iska. Na gane. Wato kun yi magana da shi, an ba ka naka karatun ka biya mini a hankali. Ka ba tsohuwa sifana ta yi wasa har ta gaji, sannan a naɗe ta a kai ta sama ta sha iska kamar shanya. Tun babanka ya rasu kana wata tara nake goya ka a wannan bayan da yanzu ba ya miƙewa. Ban taɓa cewa in ka ƙi barci a bar ka haka nan ba.

In na yi maka mummunar fahimta, ka zo ka ƙaryata ni a gabana. Saura mako biyar da 'yan kwanaki.

Ɗalibarka da ta faɗi jarrabawa.


Litinin, goma sha huɗu ga sabon wata

Kai,

Lafiya lau, tunda ba ka tambaya ba.

Sau biyu Direba yana dawowa hannu wofi. Na farko ya ce bai same ka ba. Na biyu ya ce ya same ka, ka karɓi takarda, ka sa a aljihu, ka ce ka gode. Da yake mutumin kirki ne ya ƙara da cewa ka rame. Na ce ba rama ba ce, nauyin amsa ne.

Baffanka ya zo jiya da matarsa. Ta shiga ɗakina da igiyar awo tana auna gadona, wai ta ga ko zai shiga ɗakin da suka ware mini. Ina zaune ana auna ni da kayana. Mai ƙaton agogo kuma ya aiko a gaya mini ƙarfensa yana nan a shirye.

Na daina barin ƙofar gida a buɗe da rana. In ba za ka zo ba, ka rubuta kalma ɗaya, a'a, in san na gama da kai in nemi wani mijin. Mai gidan burodi ma matarsa ta rasu.


Alhamis, goma sha bakwai ga wata

Kaka,

Ina gaishe ki, ina neman gafara. Lafiyata ƙalau. Wannan takardar na ba wani abokin aikina da zai bi ta wajenku, ban jira Direba ba.

Ban yi magana da Baffa ba ko sau ɗaya, wallahi. Abin da ya hana ni amsa daban ne. Na rubuta wannan sau biyar ina yagawa.

Ba ku yi kuskure ba. Kwamin ba zai fita ba, kuma na san haka tun ranar da na karanta wasiƙarki ta farko. Na aiko muku da darasin ne ina fatan shekara goma sha ɗaya sun ci abin da na yi.

Kin tuna ranar da aka kai Tsoho aikin ido? Ya bar mini ɗaura kwamin, ya ce in ja notin har ya kama, in ya kama in tsaya. Ni kuma ina so ya dawo ya ga ƙarfina, na ƙara juyi ɗaya. Na ji ƙas. Kunnen kwamin na baya, inda ƙarfen ke shiga, ya tsage gida biyu. Kin san yadda ya zaɓo kwamin nan, shago shida ya shiga yana shafa su da hannu. Na kasa tunanin fuskarsa. Sai na kwaɓa simintin tayil mai ƙarfi, na cika ramin bayan kwamin da shi dam, na manna shi a kan tayil huɗu da ke bayansa, na tokare da katako. Notin na mayar don ido kawai, na bi gefen da farin danƙo ya rufe. Da ya dawo da bandeji ya shafa shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce, «Ya zauna.» Bai gane ba, ni kuma ban taɓa faɗa ba.

In aka zura ƙarfe, simintin zai taho da huɗun nan, su kuma su ja na kusa da su. Hanya ɗaya ce. Kwamin za a sadaukar. A rufe bangon da kwali da bargo, a fara daga leɓensa na gaba da ƙaramin cizal na sassaƙa, ana gutsura kaɗan-kaɗan, duka yana kallon ƙasa, kada ya kalli bango. In an zo kan simintin a tsaya, shi gogawa ake yi da dutse, kwana da kwanaki. Ɓaraguzansa sun fi reza kaifi. Wannan ba aikinku ba ne, nawa ne. Manaja ya yi mini alkawarin kwana huɗu, zan iso ranar ashirin da biyar. Ki jira ni.

Jikanki.


Asabar, goma sha tara ga wata

Zuwa ga Maɗaurin aure,

Lafiya muke. Abokin naka zai koma gobe, shi ya sa nake sauri.

Ashe aure ka ɗaura tsakanin kwami da bango, ba waliyyi ba shaidu, ka bar mu muna ta jan matar mutane. Na karanta wa Mai Ɗinki, ta yi dariya har ta share hawaye, sannan ta tuna wuyan agwagwa ta daina.

Ni ban yi dariya ba. Ba don simintin ba, yaro ɗan shekara goma sha tara ya fasa abu ya ɓoye, wannan kowane gida an yi. Wata guda da ka ci mini kana yaga takarda, shi ne ban san inda zan ajiye ba.

Kuma bari in gyara maka wani abu. Ka ce bai gane ba. Mutumin da ke shiga gidan da bai taɓa gani ba ya ƙwanƙwasa tayil sau ɗaya ya ce akwai rami a bayansa, shi ne zai ƙwanƙwasa kwami cike da siminti bai ji ba? Sai yanzu na haɗa zancen. Ran nan yana cin abinci yana murmushi shi kaɗai, na tambaya, shi ne ya ce in za a cire a kira ka. Na ɗauka yabo ne. Ka tuna duk zuwan da ka yi sai ya tura ka wanke hannu, ya bi ka ya tsaya a bakin ƙofa ya ce kwaminka yana nan daram? Kai kuma ka ce Alhamdu lillahi ka wuce. Shekara shida yana buɗe maka ƙofa kana bi ta gefenta.

Ya jira bai samu ba. Ni zan jira zuwa ashirin da biyar. Na sa an wanke zanen gadonka.

Kakarka.


Laraba, ashirin da uku ga wata

Kaka,

Ina fata kina lafiya. A tsaye nake rubutu, Direba yana jira.

Babban bututu ya fashe a hawa na biyar, ɗakuna goma sha takwas sun jiƙe, ga taro ana shirin yi. Manaja ya janye hutun kowa, ya ce wanda ya fita kada ya dawo. Na kira Baffa na roƙe shi mako biyu, ya ce zai duba. Abin da kika faɗa game da Tsoho ya hana ni sukuni. Don Allah kada ki taɓa kwamin. Ina zuwa da zarar an sake ni.

Naki.


Juma'a, tara ga wata

Zuwa ga Mai zuwa,

Sallama daga sama. Ka yi gaskiya, akwai iska.

Lafiyata da sauƙi, ɗinki bakwai ne a tafin hannun hagu, an ce mako mai zuwa za a cire zaren. Na dama yana nan, shi ya sa ba ka tsira daga wasiƙa ba.

Takardarka ta iso ranar ashirin da shida, zanen gadonka ya riga ya kwana a shimfiɗe. A ranar Baffanka ya aiko cewa ya duba, ranar ɗaya ga wata zai zo, ko da mai ƙarfe ko da mota. Ka ce kada in taɓa. Na duba ɗakin ban ga wanda zai taɓa ba in ba ni ba.

Mai Ɗinki ta kawo kwalayen shagonta, muka rufe bangon, muka rataya bargon kakanka a kai. Ta ce ita za ta yi dukan, na ce a'a, ta riƙe bokiti. Tsayin keken nan daidai leɓen kwamin yake, kamar don wannan aka ƙera shi. Na sa tabaran Tsoho, na ɗauki cizal ɗinsa mai guntun ƙota. Dukan farko hannuna ya ƙi. Shekara goma sha ɗaya ina wanke fuska a cikinsa, a nan na wanke kofin da Tsoho ya sha ruwa na ƙarshe. Na ce wa kwamin ya yi haƙuri, shi ɗaya ne, su ɗari biyu ne da 'yan kai. Sai na buga.

Kwana huɗu muka yi. Ina gutsura kamar ɓera, duka yana kallon ƙasa yadda ka ce, wannan karon darasinka gaskiya ne. In kafaɗa ta gaji in huta in ba Mai Ɗinki labarin tayil ɗaya. Yanzu ta san wanda ya fito daga ɗakin haihuwa da wanda ya fito daga gidan alƙalin da ya sa aka sake masa aiki sau uku. Rana ta huɗu da la'asar saura guntu ɗaya a gefen hagu. Ta fita zubar da bokiti, na ce bari in gama kafin ta dawo. Ya fita, amma ya bi ta tafin hannuna.

Ban kira ta nan da nan ba. Na naɗe hannun da tawul, na yaye bargon, na cire kwalayen. Na bi su ɗaya-ɗaya da ido. Ko tsaga babu, ko ƙwarzane. Sai na tura keken ciki, na juya, gwiwa ba ta taɓa komai ba. Na miƙa hannu na rufe ƙofa da kaina, na sa sakata. Na juya sau uku a tsakiyar banɗakina. Mai Ɗinki tana buga ƙofa tana kiran sunana, jini yana ɗiga a cinyata, ni kuwa ina zaune kamar sarauniya. Wata huɗu rabon da in rufe wa kaina ƙofa.

A asibiti Baffanka ya same mu. Na ce masa sharaɗinsa ya cika, an cire kwami, ina shiga ni kaɗai. Ya dubi hannun, ya dubi likita, ya ce, «Iya, wadda za ta kulle kanta tana zubar da jini ba a barinta ita kaɗai.» Kuma keke da hannu ɗaya ba ya tafiya gaba, zagaye yake ta yi. Daga asibitin ba a bi da ni gida ba. Maza uku suka hau da ni, suna hutawa a kowane hawa, ɗaya yana cewa tsohuwar ba ta da nauyi.

Ba na ce ana wulaƙanta ni ba. Matar Baffanka tana yi mini komai, har da abin da ban nema ba. Banɗakinsu fari ne tas, ka shiga ba wanda za ka gaisar. An ce in hannu ya warke za a duba maganar komawa. Na san wannan dubawar. Jiya na ji shi a waya yana tambayar wani ko 'yan haya sun fi son a sake fenti.

Makullin gidan yana wajen Mai Ɗinki, na ce kada ta ba kowa sai kai. In ka shiga za ka ga bangon kakanka yadda ya bar shi, sai a tsakiya akwai wani ƙaton curin siminti, toka-toka, mummuna, da shatin yatsunka a gefensa. Mai Ɗinki ta so ta fara goge shi na hana. Na ce duk wanda ya tambayi wane ne ya yi wannan aika-aika, ta gaya masa sunanka da na otal ɗinku.

Na ƙirga su kafin in buɗe ƙofar, ɗari biyu da takwas. Huɗu suna ƙarƙashin simintinka. Kwana tara ke nan ina kwance a nan ina neman kalarsu a kaina, na kasa. Na tuna gidan da kowane ɗaya a bangon nan ya fito, ban da su. Kai ne na ƙarshe da ya gan su.

Dutsen gugar yana cikin akwatin Tsoho, ƙarƙashin sifana. Ka je ka goge abinka kafin masu fenti su riga ka, sannan ka hawo matakalar nan ka gaya mini kalarsu. Da baki nake so. In ka ba Direba a takarda, zan mayar maka da ita ban buɗe ba.

Matarka ta hawa na uku.